Rufaffen Kwano a Ƙofar Ruwa

Markar bana ta yi nauyi. Tun asuba ruwa ke zuba, ba da ƙarfi ba, irin mai sanyaya ƙashi, ga hatsi ya yi tsada har mutane sun koma auna shi da gwangwani. Jiya matasan ikilisiyarmu suka zo wurina da shawarar raba wa mabukata abinci, har sun zaɓi wanda zai riƙa ɗaukar hoto da waya. Ban ce musu a'a ba, don ni ban cika son yanke magana da sauri ba. Na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Tunanin ne ya mayar da ni wata damina ta zamanin yaƙin basasa, lokacin da nake zaune a cikin birnin Kano, kusa da Ƙofar Ruwa.

Na san wani zai ce yaya aka yi Kirista ya zauna cikin birni a wancan lokaci. Tambayar tana kan hanya, don ban san wani da ya yi ba, ko da yake ba zan rantse cewa babu ba. Ni Bahaushe ne daga ƙasar Zazzau, a cikin addinin Almasihu na tashi na tarar da iyayena. Da na gama jami'a aka turo ni Kano koyarwa, muka kama haya a Sabon Gari ni da matata Hannatu. Sai tashin hankali ya zo. Mutanen gabas da muke sujada tare suka tafi, wasunsu kuma ba su kai ga tafiyar ba, har yau ba na iya yin dogon bayani a kan wannan. Aka kulle majami'a. Layinmu ya zama kango, ƙofofi a buɗe, awaki na shiga suna fita.

Alhaji Garba, mai fataucin fata, mahaifin wani ɗalibina, shi ya zo har gida ya same ni.

"Bazazzagi, tattara komatsanka," in ji shi. "Ba zan bar malamin ɗana yana kwana da awaki ba."

Na ce, "Alhaji, ka dai san addinina."

"Na sani. Na kuma san garinku, wanda ya fi addinin naka damuna. Duk da haka taso."

Ya ba mu wani sashe a bayan gidansa, ɗaki da rumfa da ɗan tsakar gida, ginin ƙasa mai rufin azara. A nan waɗanda suka rage daga cikinmu suka fara haɗuwa ran Lahadi. Ba mu da yawa. Akwai matan sojoji waɗanda aka kwashe mazansu zuwa bakin daga, akwai wata ma'aikaciyar asibiti, sai Baba Ishaku. Shi Bamaguje ne daga wani ƙauye a arewacin birni, tsohon leburan jirgin ƙasa, mai murya kamar tsawa, shi ne dattijonmu tun da ba mu da fasto. Na nemi izinin Alhaji kafin mu fara, har sau da yawa ma, sai da ya gaji da ni.

"Ba ganga, ba ƙararrawa, ba waƙar da za ta tsallaka katanga," in ji shi. "Abin da ya rage tsakaninku ne da Mahaliccinku."

Haka muka riƙa yi. Muna waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu lallashin jariri. Baba Ishaku ne kaɗai abin ya fi wahalarwa, don bai taɓa iya yin komai a hankali ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Katanga takan riƙe zafin rana har bayan magariba, ka jingina da ita ka ji kamar ka jingina da murhu. Ruwan rijiya ya ja baya, guga na fitowa da laka. Ranar da hadari ya fara haɗowa daga gabas, yara suka cika lungu suna ihu, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya fito da tulu da baho ƙarƙashin indararo. An yi murna, amma manya sun san abin da ke biye. Shuka ta shiga ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Ga yaƙi ya tare hanyoyi. Jirgin ƙasa ya koma ɗaukar soja, manja ya ɓace daga kasuwa, gishiri ya zama abin lallaɓawa. A gidanmu, da nake da albashi, tuwo ya koma sau ɗaya, da safe kunu, da rana tafasa ko rama da ɗan ƙuli. Hannatu kuma tana da ciki, ya fara nauyi.

A cikin wannan hali Baba Ishaku ya kawo wani tsohon tulu ya ajiye a kusurwar ɗakinmu. Ya ce kowace mace, duk ranar da za ta ɗora tukunya, ta ɗebi damƙi ɗaya na hatsi ta ware, ran Lahadi ta zo da shi ta zuba. Damƙi ɗaya ba ya hana kowa ƙoshi, in ji shi, ba ya kuma sa kowa ƙoshi, amma in ya taru ya zama abinci. Ni na yi shakka, na ce anya abin zai kai ko'ina? Ya kai. Akwai Laraba, matar soja, wadda aka daina jin labarin mijinta tun farkon damina. Tulun nan ne ya riƙe ta da 'ya'yanta. Ita ma kuma ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba. Takan kwance bakin zanenta ta zazzage ɗan abin da ta ware, ta ce, "Wanda ya ciyar da ni jiya bai mutu ba." Ban taɓa jin wa'azin da ya fi wannan shiga jikina ba, ko da yake na ji da yawa daga baya.

Katangarmu ɗaya da gidan Malam Sule. Sana'arsa sayar da manja, daga gabas ake kawo masa, yaƙi ya kashe sana'ar ɗungurungum. Mutum ne mai tsafta da kamun kai, kullum rigarsa a wanke, kullum yana zaune a zaurensa bayan la'asar ana hira. Hannatu ce ta fara lura. Ta ce da ni, "Ka ji daka a gidan nan cikin kwanakin nan?" Na saurara, ban ji ba. Ta ce hayaƙi yana tashi kullum da yamma, amma ba ƙamshin miya. Daga baya muka gane Uwani, matar Malam Sule, ruwa zalla take ɗorawa a wuta, don maƙwabta su ga hayaƙi.

Hannatu ta faɗi wannan ran Lahadi domin a sa su cikin addu'a. Baba Ishaku bai tsaya a addu'a ba. A ƙauyensu, in yunwa ta kama gidan wani, wanda yake da shi yakan ɗauki dami a ka da rana tsaka, ya bi ta tsakiyar gari, ya sauke a ƙofar gidan yana faɗa da ƙarfi, don sauran masu rumbu su ji kunya su ma su kawo. A can girmamawa ce. Abin da ya sani ke nan, abin da ya yi ke nan. Ya juye rabin tulun a masaki, ya ɗora a ka ba ko faifai a kai, ya fita. Kafin in gama tunanin ko ya dace in tsayar da shi, har ya isa. Na bi shi a baya, na tarar zauren cike da mutane.

"Salamu alaikum! Malam Sule, mun ji an kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Ga wannan, saboda Allah!"

Na ga Malam Sule ya dubi geron, ya dubi mutanen da ke zaune. Ya gyara hularsa.

"Baba, an gode. Amma wanda ya gaya maka ya yi kuskuren gida. Mu nan alhamdu lillahi."

"Haba Malam, ai ba abin kunya ba ne, yunwa..."

"Na ce an gode."

Baba Ishaku ya dawo da masakinsa yana mamaki. Kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa, ta kuma canza kama. Aka ce Kiristocin gidan Alhaji Garba suna sayen mutane da hatsi. Lokacin yaƙi ne, zukata a tsaye suke, ƙaramar magana takan zama babba. Yara suka daina gaishe ni. Malam Sule in ya hango ni sai ya shige gida. Sai Alhaji ya kira ni, ranar ba wasa a bakinsa, ko Bazazzagi bai ce ba.

"Malam Dauda, mutane sun dame ni. Dattawan unguwa za su zauna a kan maganarku bayan sallar Juma'a ta sama. In suka ce ku tashi, ba ni da yadda zan yi. Ni ma a cikinsu nake zaune."

Na dawo sashenmu. Ina za mu, da mace mai ciki, a tsakiyar damina? In mun tashi kuma, ina jama'ar nan za su haɗu? Na ce wa Hannatu a ganina, wataƙila, gara a dakatar da taron, a fitar da tulun daga gidan, har ƙura ta lafa. Ta ce, "In an fitar da tulun, Laraba ta ci me? Su Uwani kuma har yanzu ruwa suke dafawa." Ta ɗauki mayafinta ta shiga cikin gida wurin Hajiya Yagana, mahaifiyar Alhaji. Tsohuwa ce mai asalin Barno, mai haɗa turaren wuta, ba ta tauna magana. Abin da suka yi Hannatu ce ta ba ni labari.

"Ke 'yar nan, wa ya koya muku kyauta?" in ji Hajiya. "Wannan dattijon naku mai muryar jaki, ya tuɓe mutum a gaban jama'a, sannan yana jira a yi masa godiya?"

"Hajiya, da kyakkyawar niyya ya yi."

"Niyya! Wuta ma da kyakkyawar niyya take cin ɗaki. A birni ba a ba maƙwabci sadaka. Sadaka ta mai bara ce. Maƙwabci kwano ake aika masa, a rufe, shi ma ya aiko. In kina son ki ba Uwani, fara zuwa ki roƙe ta."

"In roƙe ta me? Ba ta da komai."

"Babu gidan da ba shi da komai. Ba ta da kanwa? Ba ta da wuta?"

Washegari da hantsi Hannatu ta kashe wutar murhunmu da gangan, ta ɗauki kasko ta shiga gidan Malam Sule. Ta ce ashanarmu ta jiƙe, a taimake ta da garwashi, in kuma da ɗan kanwa a sammata, ƙwannafi ya hana ta sakat. Uwani ta tsaya tana dubanta, sannan ta ɗebo mata wutar, ta ƙullo kanwa a tsumma, har da faɗa: mai ciki ba ta yawo a cikin laka ba takalmi. Da yamma Hannatu ta tuƙa tuwo da geron tulun, ta cika kwano, ta rufe, ta ɗora faifai, ta miƙa ta kan katanga ta ce ga tukuicin kanwa. Kwanon ya dawo a wanke, da 'yar tsamiya a ciki.

Haka abin ya ɗore. Kullum Hannatu da abin da za ta nema: muciya, allura, yadda ake dambu irin na Kano. Wani lokacin ta aika da gero ta ce ita ba ta iya surfe da wannan cikin, Uwani ta surfa ta dama fura ta ɗebi rabonta, ai aikinta ne. Kwanon bai taɓa dawowa wofi ba. Wata rana da kuka, wata rana da barkono ƙwaya kaɗan. Akwai ranar da ya dawo da ganyen lalle kawai, Hannatu ta zauna ta riƙe shi tana hawaye, don ta san an duba gidan kaf ba a sami wani abu ba. Muka fara jin daka ta bayan katanga.

Baba Ishaku da farko bai gamsu ba. Ya ce wannan ai wahala ce, a ba mutum abu sai an yi masa dabara? Amma ran Lahadi, da ya tashi yin magana, sai muka ji ya sauya. Ya ce ya kwana yana tunanin yadda Almasihu, da ya gaji da tafiya ya zauna a bakin rijiya, wata mata ta zo ɗiban ruwa, bai fara da ba ta komai ba, shi ya fara roƙon ta ruwa. "Mai ruwan rai ke nan," in ji shi, "ya fara da miƙa hannu. Ni kuwa Ishaku na tafi da masaki a ka kamar sarkin noma." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Muka yi addu'a kada a tashe mu, in kuma an tashe mu, kada a bar su Uwani da ruwa a tukunya.

A makon ne marka ta sauka sosai. Ruwa ba dare ba rana, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Kududdufai suka cika suka haɗe da hanya, kwaɗi suka hana mutane jin juna. Itace ya jiƙe, tufafi suka yi wari, gishiri ya narke a cikin kwalba. Can sai ka ji rugum, katangar wani ta zauna. Ɗakinmu ya fara yoyo ta tsakanin azara, muka jera ƙore, muka ɗora tulun a kan turmi. Duk da haka kwanon bai fasa tsallaka katanga ba, sai dai a lulluɓe shi da tabarma.

Ranar Juma'a aka ɗan sami sarari. Dattawa suka zauna a zauren Alhaji Garba, aka kira ni da Baba Ishaku. Na shirya dogon jawabi a zuciyata, mai farko da tsakiya da ƙarshe, ban sami faɗin ko kalma ɗaya ba. Wani dattijo ya ce ba su da matsala da baƙo, amma ba za su yarda a riƙa farautar talakawansu da hatsi ba, kowa kuma ya ga abin da aka yi a zauren Malam Sule. Aka juya ga Malam Sule. Na san mu muka kunyata shi.

Ya ɗan yi gyaran murya. "Abin da aka kawo mini a zaure, a gabanku na mayar. Tun daga ranar ba wanda ya ba ni komai, ba kuma wanda ya yi mini maganar addini. Iyalina da iyalinsa suna miƙa wa juna kwano, kamar yadda iyalanku suke yi. In ma lissafi za a yi, su suka fi damunmu. Yau wuta, gobe kanwa, jibi muciya. Ban taɓa ganin masu aro irinsu ba."

Wani ya yi dariya. Alhaji Garba ya kama zaren nan da nan. "Ai na gaya muku Zage-zagi ne. Ka ba su masauki, su cinye maka kanwa."

Baba Ishaku ya miƙe. Ya cire hularsa ya ce, da murya ƙasa yadda ban taɓa jin ta ba, "Malam Sule, ni baƙauye ne, na yi maka irin ta ƙauye. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Baba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka ce mu zauna, bisa sharaɗin da Alhaji ya gindaya tun farko. Da rana ta fito a makon da ya biyo, mazan unguwa suka yi gayyar gyaran katangun da suka faɗi, gida-gida. Da aka zo kan namu rufin, Malam Sule ne a sama yana karɓar ƙasa, Baba Ishaku a ƙasa yana cuɗa ta da ƙafa yana waƙa, wannan karon ba wanda ya hana shi ɗaga murya. A ɗakin nan Hannatu ta haihu ana cikin yankan gero, Uwani ce ta dafa mata ruwan wanka.

Ba mu taɓa tunanin gina majami'a a cikin birni ba, mun san ba wurinta ba ne. Da kaka ta yi, Baba Ishaku ya fita ta Ƙofar Ruwa ya nufi ƙauyukan danginsa domin yin wa'azi. Na raka shi a keke a tafiyar farko. Da muka isa, na zaci zai tsaya a dandali ya buɗe murya. Sai ya wuce gidan mai gari ya ce ƙishirwa yake ji, ya kuma nemi aron fartanya. Majami'ar farko da aka kafa a ƙauyen ta zana ce da jinka, da tulu a kusurwa. Daga ita aka sami ta biyu, daga ta biyu aka sami wasu. Ba zan ce ga adadinsu ba, don ina tsoron in ƙara ko in rage. Abin da na tabbata shi ne, duk inda aka fara, da roƙon ruwa aka fara, kuma ba a fitar da hatsin tulu sai a rufe. Mijin Laraba bai dawo ba, daga baya ta koma ƙauyen da zama. Ita ce ta riƙe tulun majami'ar farko har ta tsufa.

Matasan nan za su dawo gobe jin amsata. Ina jin zan ce su raba, rabawa ta fi rashinta. Wataƙila in tambaye su ko akwai abin da mutanen suke da shi wanda mu muke buƙata. Maganar hoton kuma, zan ba su labarin nan, su yanke da kansu.

Bayan an gama yaƙi hanya ta buɗe. Wata ranar Lahadi muna cikin addu'a aka ƙwanƙwasa katanga. Hannatu ta fita ta karɓo kwanon nan namu, da faifai a kai. Ta buɗe, sai ga manja, ja wur, cike har baki, daga garwar farko da ta iso wa Malam Sule. Ɗakin ya cika da ƙamshin da muka manta. Ta bayan katanga muka ji muryarsa.

"Malam Dauda! A ɗiba a ba Baba Ishaku nasa. Amma a ce masa ya rufe kafin ya fito."